Canjin fil da bushin na hinjin ƙofar mota

Canjin fil da bushin na hinjin ƙofar mota aiki ne na gyaran jikin mota inda ake cire sandar ƙarfen da ƙofa ke juyawa a kanta, wato fil, tare da ƙananan zobban da ke kewaye da ita, wato bushin, a sa sababbi a madadinsu. Ana yin aikin ne idan ƙofa ta sauka daga mazauninta, tana gogar dokin ƙofa, ko kuma ba ta rufuwa sai an ɗaga ta ko an buga ta da ƙarfi. An fi samun matsalar a ƙofar direba, domin ita aka fi buɗewa da rufewa, da kuma motoci masu dogayen ƙofofi masu nauyi, kamar a-kori-kura da motoci masu ƙofa biyu.

Ana yin bushin da abin da bai kai fil da jikin hinji tauri ba, domin shi ya riƙa cinyewa a madadinsu. Saboda haka canza shi a kan kari gyara ne mai araha. Idan aka bar shi har ya ƙare, ƙarfe ya fara cin ƙarfe, gyaran yakan koma na walda ko na sauya hinjin ɗungurungum.

## Suna

Kalmomin hinji, fil da bushin duk aro ne daga Turanci, kuma sun shigo Hausa ta bakin kanikawa, kafintoci da direbobi. Kowace ta bi tsarin sautin Hausa. An ƙara wa *hinji* wasali a ƙarshe, domin galibin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa. A *fil*, sautin p ya koma f, kamar yadda ya faru a *fenti*, *famfo* da *fensir*. A *bushin* kuwa, sautin ƙarshe ya koma n, kamar a *mitin* da *sifirin*.

Biyu daga cikin kalmomin suna da wata ma'ana a wajen wannan fage. Fil shi ne kuma ɗan siririn ƙarfen da tela ke maƙale tufa da shi. A gareji kuma, idan aka ce bushin ba tare da ƙarin bayani ba, yawanci ana nufin na roba da ke ƙafar mota. Shi ya sa mai neman na ƙofa yakan fayyace ya ce bushin ɗin hinji.

## Sassan hinji

Yawancin ƙofofin gefe na mota suna rataye ne a kan hinji biyu, na sama da na ƙasa. Kowane hinji yana da waɗannan sassa:

* Ɓangaren jikin mota, wanda ake ɗaurewa da noti ko a yi masa walda a ginshiƙin mota. Ƙofar gaba tana rataye a ginshiƙin gaba, ta baya kuma a na tsakiya.
* Ɓangaren ƙofa, wanda ke manne da gefen ƙofar. Ɓangarorin biyu suna da kunnuwa masu rami da ke shiga cikin juna.
* Fil, sandar ƙarfe mai tauri da ke ratsa ramukan kunnuwan ta haɗe ɓangarorin. A wasu motoci yana da zane-zanen haƙora a ƙarƙashin kansa, waɗanda ke cizon ramin ɓangare ɗaya don kada ya juya ko ya zame.
* Bushin, zobe mai baki kamar na hula, wanda ake cusawa a ramin ɗaya ɓangaren. Cikinsa yana ɗaukar gugar juyawa, bakinsa kuma yana ɗaukar nauyin ƙofar da ke danno ƙasa.
* Kilif, ɗan ƙarfen da ke kama ƙarshen fil. A wasu motoci babu kilif, sai dai a daddale ƙarshen fil ɗin tun daga masana'anta.

Akwai kuma abin da ke riƙe ƙofa a buɗe don kada iska ko gangara su mayar da ita. A yawancin ƙananan motoci wannan wata sanda ce dabam da ke tsakanin hinjin biyu. A wasu motocin Amurka kuwa, sifirin ne mai ƙarfi da ɗan gargare da aka haɗa a cikin hinjin kansa.

### Abin da ake yin bushin da shi

Bushin ɗin da aka fi sani shi ne na tagulla mai shan mai. Ana matse garin jan ƙarfe kimanin kashi 90 cikin 100 da garin kuza kimanin kashi 10, a gasa su har su haɗe ba tare da sun narke ba. Abin da ya fito yana da ƙananan ƙofofi kamar soso, sai a cika su da mai, wanda yakan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na girman bushin ɗin. Kamfanin Chrysler na Amurka ne ya samar da irin wannan tagulla a 1930, da sunan Oilite. Akwai kuma bushin na ƙarfe da aka shafe cikinsa da sinadarin PTFE, wanda aka fi sani da Teflon, wanda Roy Plunkett ya gano a kamfanin DuPont a 1938. Wasu motoci kuma suna amfani da na nailan ko wata roba mai tauri.

## Tarihi

Motocin farko sun gaji tsarin ƙofa daga keken doki: hinjinsu a waje yake, kuma ƙofofi da yawa ta baya aka rataye su, suna buɗewa ta gaba. Irin wannan ƙofa tana da haɗari, domin idan ta buɗe mota tana tafiya, iska takan ƙara wangale ta. Citroën 2CV ta ci gaba da irin wannan ƙofar gaba har 1964. Daga baya akasarin kamfanoni sun mayar da hinji gaban ƙofa, suka kuma ɓoye shi a bayan madigadi, don kyan gani da rage jan iska. Wasu motoci sun riƙe hinjin waje, kamar Volkswagen Beetle, Land Rover Defender da Jeep Wrangler. Ɓoye hinji ya kare shi daga ruwa da duka, amma ya sa isa gare shi ya ƙara wuya, kuma masu mota sukan manta da shi har sai ƙofa ta sauka.

## Dalilan cinyewa

### Nauyin ƙofa

Ƙofar mota a buɗe ba ta da abin da ke tallafe ta a ɗaya gefen. Nauyinta yana neman juya ta ƙasa, sai hinjin sama ya sha ja, na ƙasa kuma ya sha turi. Da yake tazarar da ke tsakanin hinjin biyu gajeriya ce idan aka kwatanta da tsawon ƙofar, ƙarfin da ke kansu yakan zarce nauyin ƙofar kanta.

Misali, a ɗauki ƙofa mai nauyin kilogiram 30, wadda tsakiyar nauyinta ke nesa da layin hinji da santimita 50, tazarar hinjin biyu kuma santimita 35 ce. Idan aka ninka 30 da 50 aka raba da 35, za a ga kowane hinji yana ɗaukar ja ko turi na gefe daidai da nauyin kilogiram 43 ko kusa da haka, ban da nauyin da ke danno ƙasa. Idan mutum mai kilogiram 70 ya rataya a ƙarshen ƙofar, mita 1 daga hinji, ƙarin da zai hau kan kowane hinji ya kai daidai da kilogiram 200. Wannan ne ya sa dogara da ƙofa wajen shiga ko fita yake saurin kashe bushin.

### Ƙaramin rata, babban sauka

Wannan lissafin ne kuma ya bayyana dalilin da ya sa cinyewa kaɗan take fitowa fili a ƙarshen ƙofa. Idan bushin ɗin sama ya cinye da rabin milimita, na ƙasa ma ya cinye da rabin milimita ta ɗaya gefen, jimillar ratar milimita 1 ce a kan tazarar santimita 35. A ƙarshen ƙofa mai tsawon santimita 110, wannan zai zama saukar sama da milimita 3. Hakan ya isa ya hana makullin ƙofa haɗuwa daidai da ƙarfen da yake kamawa a ginshiƙi.

### Sauran dalilai

* Rashin mai. Idan man bushin ya bushe, guga takan ƙaru.
* Ƙura da yashi. Sukan gauraya da giris su zama kamar garin wasa wuƙa, su riƙa cin bushin da fil tare.
* Tsatsa. Ruwan sama, ruwan wanki da gishirin da ake zubawa a tituna a ƙasashe masu dusar ƙanƙara suna sa fil ya yi kaushi, ya riƙa kankare bushin.
* Wangalewar ƙofa. Idan iska ta fizge ƙofa ta wuce iyakarta, kunnen hinji yakan lanƙwashe ko bushin ya tsage.
* Hanya mai gargada. Girgiza tana sa ƙofa ta riƙa bubbuga bushin ko da a rufe take, musamman idan rata ta riga ta samu.

## Alamomi da gwaji

Alamomin da aka saba gani sun haɗa da ƙofar da ke sauka kaɗan da zarar an buɗe ta, ƙara ko ƙas-ƙas wajen buɗewa, gogewar fenti a dokin ƙofa, da tabon cinyewa a saman ƙarfen makulli. Layin jikin ƙofa yakan daina dacewa da na madigadi da na ƙofar baya. Iska takan yi fito a gefen gilashi idan ana gudu, ruwan sama da ƙura kuma su riƙa shiga saboda robar ƙofa ba ta matse ba. Wani lokaci akan ga garin tagulla ko gutsattsarin bushin a ƙarƙashin hinji.

Gwajin da kanikawa ke yi mai sauƙi ne. Ana buɗe ƙofa kaɗan, mutum ɗaya ya kama ƙasanta daga ƙarshe yana ɗagawa yana saki, wani kuma ya zuba ido a kan hinjin. Idan hinji lafiya yake, motar ce gaba ɗaya za ta motsa. Wurin da aka ga motsi shi ke nuna inda matsalar take:

* Idan ɓangarorin hinji biyu suna motsi a kan fil, bushin ko fil ne ya cinye.
* Idan hinjin gaba ɗaya yana motsi a kan ginshiƙi ko a kan ƙofa, noti ne ya saki ko walda ta tsage.
* Idan ƙarfen ginshiƙin ne ke lotsawa, tsatsa ko tsagewa ce a jikin motar, kuma sabon fil ba zai magance ta ba.

## Nau'o'in hinji

Yadda ake gyaran ya danganta ga yadda aka ƙera hinjin.

Hinji mai walda da fil mai fita. Fitaccen misali shi ne motocin a-kori-kura na General Motors, kamar Chevrolet da GMC samfurin C/K da aka fara fitarwa a 1988 aka ci gaba har ƙarshen shekarun 1990, da Chevrolet S-10 da aka yi daga 1982 zuwa 2004. A C/K na wancan zamani an yi wa hinji walda a jikin mota da jikin ƙofa, don haka babu notin da za a sassauta a daidaita ƙofa. Canjin fil da bushin shi ne gyaran da aka tanada, kuma ana sayar da su a ƙunshi: fil biyu da bushin huɗu na kowace ƙofa. Hinjin sama yana ɗauke da sifirin mai riƙe ƙofa a buɗe. Saukar ƙofa sananniyar matsala ce a waɗannan motoci.

Hinji mai gajerun fil da aka daddale. A samfurin Chevrolet Silverado da GMC Sierra da ya fito a 1999, kowane hinji yana da gajerun fil biyu maimakon dogo ɗaya. Sai an goge ko an yanke daddalallen ƙarshensu kafin su fita, kuma waɗanda ake sawa a madadinsu yawanci masu zare ne da noti.

Hinji mai noti. Yawancin motocin Japan, irin su Toyota, suna da hinjin da aka ɗaure da noti, fil ɗinsa kuma a daddale yake. Abin da aka saba yi shi ne sauya hinjin gaba ɗaya.

Hinji marar bushin. A Volkswagen Beetle fil yana juyawa ne kai tsaye a cikin ƙarfen hinji. Idan ramin ya faɗaɗa, sai a gyara shi da abin sassaƙe rami a sa fil mai ɗan ƙarin kauri. A wasu ƙananan motocin Faransa, kamar Peugeot 205, fil ɗin bututun ƙarfe ne mai tsaga, wanda ke matse kansa a cikin rami.

Hinjin waje. Ƙofofin Jeep Wrangler ana iya zare su sama bayan an kwance noti, don haka canza zobban cikinsu ba ya ɗaukar lokaci. Hinjin Land Rover Series II kuwa yana juyawa ne a kan ɗan ƙwallon tagulla, wanda ake canzawa tare da noti da sifirinsa.

## Kayan aiki

Ana buƙatar sabon fil, bushin da kilif da suka dace da samfurin motar da shekararta. Sauran kayan su ne guduma, doguwar siririyar sandar ƙarfe ta tunkuɗa fil, cizal, filaya, sukundireba, sifana, jak da guntun katako, tsumma, salatif na takarda, man sassauta tsatsa, giris da tabarau na kare ido. Don cusa bushin ana amfani da dogon noti mai zare da washa biyu da soket. Motocin da ke da sifirin a hinji suna buƙatar abin matse sifirin. Aikin na mutum biyu ne, domin ƙofa mai gilashi, injin ɗaga gilashi da lasifika tana da nauyi, kuma ba ta da wurin riƙo mai kyau.

## Matakan aiki

Waɗannan matakai sun shafi hinji mai fil mai fita. Littafin gyara na kowace mota shi ne abin bi idan aka sami bambanci.

1. Shiri. A ajiye mota a wuri mai shimfiɗa, a ja birkin hannu. A fesa man sassauta tsatsa a kan fil. A manna salatif a gefen ƙofa da gefen madigadi don kare fenti.
2. Lantarki. Idan za a raba wayoyin ƙofa, a cire kan batir na nagatif, a jira tsawon lokacin da littafin motar ya faɗa. Wasu motoci suna da na'urar jin karo ta jakar iska a cikin ƙofa, kuma mahaɗan wayoyinta yawanci rawaya ne.
3. Tallafe ƙofa. A buɗe ta sosai, a sa jak a ƙarƙashinta da katako da tsumma a tsakani. A ɗaga daidai yadda nauyi zai sauka daga kan fil, ba tare da an ɗaga motar ba. Wasu sukan sauke gilashi su rataye ƙofar da igiya mai faɗi daga sama.
4. Cire abin riƙe ƙofa. A kwance sandar da ke riƙe ƙofa, ko a matse sifirin a fitar da shi.
5. Lura da tsari. Kafin a cire komai, a duba inda kan kowane fil yake fuskanta da inda bakin kowane bushin yake. A wasu motoci fil ɗin sama da na ƙasa suna fuskantar saɓanin juna. Ɗaukar hoto da waya yana taimakawa.
6. Cire fil. A cire kilif, a buga fil daga siririn ƙarshensa zuwa wajen kansa. Idan na farko ya fita, a zura sukundireba a ramin don riƙe ƙofar har na biyu ya fita.
7. Janye ƙofa. A ja ta baya a hankali, daidai yadda kunnuwan hinji za su rabu. Idan wayoyi ba su da tsawo, a raba su maimakon a ja su.
8. Cire tsohon bushin. A tunkuɗa shi ko a fasa shi da cizal, ba tare da an ji wa ramin rauni ba. A goge ramin, a duba ko har yanzu da'ira ne.
9. Cusa sabon bushin. A zura noti ta cikinsa, da washa a gefe ɗaya da soket a ɗaya gefen, a riƙa ɗaurewa har ya zauna. Tagulla mai shan mai tana da saurin fashewa, don haka dukan guduma kai tsaye yakan tsaga bakinta. A motocin C/K da S-10 bushin biyu na kowane hinji ba girmansu ɗaya ba, babban yana zama ne ta wajen kan fil.
10. Mayar da ƙofa. A daidaita ramuka da jak, a shafa giris a fil, a zura duka biyun da hannu kafin a buga kowanne har ƙarshe. A sa sabon kilif.
11. Kammalawa. A mayar da sifirin ko sanda, a haɗa wayoyi da batir, a gwada gilashi, makulli, madubi da lasifika.

## Daidaita ƙofa

Bayan an sa sabon fil, ana rufe ƙofa a hankali a duba ratar da ke kewaye da ita. Ana so ta zama bai ɗaya sama da ƙasa, kuma fuskar ƙofa ta yi daidai da ta madigadi. Ƙa'idar masu gyaran jikin mota ita ce a fara daidaita ƙofa a kan hinji, sannan a kawo ƙarfen makulli inda ƙofar take. Aikin ƙarfen makulli shi ne riƙe ƙofa a rufe. Ba a yi shi don ɗaga ƙofa ba.

Sau da yawa akan tarar an riga an sauke ƙarfen makulli a baya don ya bi ƙofar da ta sauka. Irin wannan yana ɓoye alamar ne kawai, cinyewar kuma tana ci gaba. Bayan gyara dole ne a mayar da shi mazauninsa, in ba haka ba zai riƙa jan ƙofar ƙasa ya kashe sabon bushin.

A hinji mai noti, ana zana layi kewaye da tsohon hinji kafin a kwance shi, kuma ana sauya ɗaya bayan ɗaya. Littattafan gyara na Toyota sun bayyana cewa a samfura da yawa notin hinji na masana'anta yana da kafaɗar da ke zaunar da shi a tsakiyar rami, don haka ba a iya matsar da ƙofa sai an musanya shi da noti na gama-gari mai washa. A hinji mai walda kuwa, abin da ya rage na gyara ana yin sa ne da sandar da ke ɗan lanƙwasa hinjin, kuma wannan aikin ƙwararru ne.

## Idan ramin hinji ya faɗaɗa

Idan bushin ya ƙare aka ci gaba da amfani da ƙofa, fil yakan ci kunnen hinji, ramin ya koma siffar ƙwai. Sabon bushin ba zai zauna daram a irin wannan rami ba: zai riƙa juyawa, ko ya fashe cikin ɗan lokaci. Hanyoyin gyara uku ne. Ta farko, a faɗaɗa ramin ya koma da'ira a sa bushin mai ƙarin kauri. Ta biyu, a cike gefen da ya cinye da walda a sake huda shi. Ta uku, a yanke hinjin a sa wani. A duk ukun, abin da ya fi muhimmanci shi ne ramukan hinjin sama da na ƙasa su kasance a kan layi ɗaya. Idan suka kauce, ƙofa za ta riƙa cijewa, kuma bushin zai cinye ta gefe ɗaya. Kafin walda ana cire batir, a janye wayoyi da roba, a rufe gilashi da kujeru saboda tartsatsi.

## Haɗura yayin aiki

Sifirin ɗin hinji yana da ƙarfin da zai iya fasa ido ko haƙori idan ya kuɓuce, shi ya sa ɓanɓaro shi da sukundireba ba tare da kariya ba yake da haɗari. Ƙofar da ba a tallafe da kyau ba tana iya zamewa daga kan jak ta murƙushe yatsu, ta tsinke wayoyi ko ta lotsa madigadi. Ba a zura yatsa a ramin hinji don gwada daidaito. Haka kuma sa ƙusa, guntun rodi ko noti na gama-gari a madadin fil yana barin rata, kuma ƙarfinsu bai kai na fil ɗin da aka ƙera don wannan aiki ba.

## Ƙa'idojin kariya

Hinji da makulli su ne ke riƙe ƙofa a jikin mota lokacin haɗari, kuma ƙofar da ta buɗe tana iya jefar da fasinja waje. A Amurka, ƙa'ida mai lamba 206 ta kariyar motoci, wadda ta fara aiki a 1968, ita ce ta shafi makullai da abubuwan riƙe ƙofa. A ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya akwai ƙa'ida mai lamba 11 a kan wannan batu, kuma ƙa'idar fasaha ta duniya ta farko da aka amince da ita a 2004 a kan makullan ƙofa da abubuwan riƙe ta take. Ta tanadi cewa hinjin ƙofar gefe kada ya rabu idan aka ja shi da ƙarfin niyuton 11,000 ta tsawon mota, ko niyuton 9,000 ta faɗinta, wato kimanin nauyin tan 1.1 da tan 0.9. Waɗannan gwaje-gwaje a kan sababbin motoci ake yin su. Ƙofar da ta sauka kuwa tana iya kamawa a matakin farko na makulli kawai, mai mota yana zaton ta rufu.

## A Najeriya da Nijar

Akasarin motocin da ke kan titunan Najeriya da Nijar na hannu ne da aka shigo da su bayan sun yi shekaru a Turai, Amurka ko Asiya, don haka hinjinsu ya riga ya yi aiki kafin su iso. Ƙurar hunturu, hanyoyi marasa kwalta da yawan buɗe ƙofa a tasi da motocin haya suna ƙara saurin cinyewar. Gyaran yawanci yana hannun masu gyaran jikin mota da masu walda. Da yake motocin Japan masu hinji mai noti sun yi yawa, an fi sayen hinji na hannu daga kasuwannin kayan gyara, irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna da Ladipo a Legas. Hinji na hannu shi ma yana iya zuwa da rata, don haka masu saye sukan girgiza ɓangarorinsa biyu kafin su biya. Inda ba a sami bushin da ya dace ba, masu injin sassaƙa ƙarfe sukan ferayo shi daga sandar tagulla. Irin wannan ba ya ɗauke da mai a jikinsa, saboda haka yana buƙatar giris a kai a kai.

## Kulawa

Ana tsawaita rayuwar hinji ta hanyar goge tsohon giris da ƙura kafin a sa sabo, musamman bayan damina da bayan hunturu, ko duk lokacin da aka yi juyen mai. Man feshi na sassauta tsatsa yana wanke datti amma ba ya daɗewa, don haka akan bi shi da giris ko man inji. A guji rataya a jikin ƙofa, a riƙe ta idan ana iska, kuma a gyara sandar riƙe ƙofa da zarar ta lalace. Gwajin ɗaga ƙofa ba ya ɗaukar minti ɗaya, kuma yana nuna rata tun bushin bai ƙare ba.

## Duba kuma

* Ƙofar mota
* Tagulla
* Walda
* Giris
* Jakar iska ta mota
* Kanikanci